Amanar da ke Ƙarƙashin Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Ubangijin da Yake ajiye rai a cikin ɓawon da ba shi da ƙofa, Ya ciyar da shi a can, sa'an nan Ya fito da shi idan lokacinsa ya cika. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Ya Allah Ka daidaita harshenmu a kan abin da zai amfane mu.

Bayan haka, a wani ƙauye na ƙasar Baure akwai wani dattijo, Malam Abdulbaƙi, wanda ya tsufa yana karantar da fiƙihu a zaurensa. Matarsa Zinariya ita ma ta tsufa tare da shi, kuma duk ƙauyen an san ta da kiwon kaji. Abin da ta fi shahara da shi shi ne ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai ta zuba ƙwai a cikin ciyawa ta yi tafiyarta. Saboda haka masu zabi sukan tsinto ƙwan su kai wa mai kaza, kaza ta kwanta a kai har ya fashe.

A cikin masu kawo wa Zinariya ƙwai akwai wata tsohuwar Bafulatana mai suna Shatu, wadda rugarsu take sauka a bayan ƙauyen da rani, tana kawo nono gidan. Duk farkon damina takan zo da ƙwan zabinta a ƙwarya. Ƙa'idar da ke tsakaninsu ita ce, Zinariya ta sa wa kaza, ta reni abin da ya fito, idan sun girma a raba biyu.

A daminar da muke magana a kai, an gama shuka ke nan zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Zinariya. Da aka ga abin ya fi ƙarfin gida, sai aka ɗauko mota zuwa asibiti a Daura. Malam yana zaune kusa da ita, yana riƙe da kafaɗarta saboda gargadar hanya, sai ta buɗe ido.

"Malam," ta ce, "ƙwan Shatu yana ƙarƙashin rumbu. Jar kaza ce a kai. Amana ce, kada a tashe ta."

"Ki bar zancen kaji yanzu. Ki ambaci Allah."

"Ina ambatonSa. Ka dai ji abin da na ce."

"Na ji."

Washegari ta cika da kalmar shahada a bakinta. Aka kawo ta gida, aka yi mata sutura. Bayan an rufe ta, Malam ya miƙe a gaban jama'a kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda ya san yana da wani haƙƙi a kan marigayiya, ko da ƙwayar gero ce, ya zo gare shi, ya ɗauke mata. Ba wanda ya fito. Shi kuwa zancen rumbu ya fita daga zuciyarsa gaba ɗaya, domin baƙin ciki ya cike wurin.

Ranar sadakar uku dangin Zinariya suka zo daga Zango, gida ya cika. Autarsu Siddiƙa, wadda take aure a Katsina, ita ce ke kula da abincin baƙi. Ta aika aka kira mahaifinta daga tabarmar ta'aziyya zuwa bayan zaure, ta miƙa masa kaza da wuƙa. Ya karɓa hankalinsa yana wani wuri. Ya fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka.

Sai da ta daina motsi ya ɗaga ta. Tafin hannunsa ya sauka a ƙirjinta, ya ji babu gashi, fata ce zalla mai zafi. Ba ta da nauyi, kamar ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba. Ya dubi launinta.

"Auta, a ina kika kama wannan?"

"Bakin randa, Baba. Sauran sun ba ni wahala, har na faɗi a kan turmi. Ita kuwa tana ta shan ruwa, ko gudu ba ta yi ba. Gashinta duk a tashe."

Malam ya san wannan alama. Kaza mai kwanci takan fige gashin ƙirjinta domin zafin jikinta ya kai ga ƙwai, ta rame, ba ta tashi sai sau ɗaya a wuni, ta ci ta sha cikin gaggawa ta koma. Ya ajiye ta a ƙasa. Ya ratsa ta cikin mata masu girki ba tare da ya amsa gaisuwarsu ba, ya durƙusa a gindin rumbu da babbar rigarsa, ya leƙa. A can cikin duhu, a wani fasasshen kasko da aka shimfiɗa wa ƙaiƙayi, ga ƙwan zabi goma sha huɗu a jere. Ya miƙa hannu. Da sauran ɗumi a jikinsu.

Ya daɗe a durƙushe. Shekaru masu yawa yana karantar da cewa ran mumini yakan kasance a rataye da haƙƙin mutane har sai an sauke masa. Ya faɗa wa ɗalibai, ya faɗa a bakin kaburbura. Ga shi maganar duniya ta ƙarshe da matarsa ta yi masa ita ce wannan, kuma da hannunsa ya yanka mai tsaron amanar.

Siddiƙa ta tsaya a bayansa, idonta ya cika da hawaye. "Baba, ka yafe ni, ban sani ba. Amma ƙwai ne fa. Ran kasuwar Baure sai a sayo wasu a ba matar."

"Ba wasu ta ba uwarki ba, Auta. Waɗannan ta ba ta. Ɗauko mini ƙwarya da dusa, da zanenta guda."

Ya jera ƙwan a cikin dusa, ya lulluɓe da zanen, ya fita ta ƙofar baya zuwa gidan maƙwabcinsa Hamma. Hamma dillalin shanu ne, kuma taubashin Malam, shi kaɗai ne a ƙauyen yake iya yi masa ba'a.

"Sabon gwauro har ya fara shiga gidajen mutane da ƙwarya," in ji Hamma. "Tallar fura ka fara, ko bara?"

"Kana da kaza mai kwanci?"

Hamma ya dubi fuskarsa, ya daina dariya. Malam ya gaya masa abin da ya faru, ya ƙara da cewa a aika ruga a sanar da Shatu.

"Wace ruga? Ai sun tashi tun kafin a kai Zinariya Daura. Gonaki sun tsiro, sun kora shanu arewa, sun tsallaka iyaka. Sai kaka, in Allah Ya kai mu." Sa'an nan ya ce, "Akwai wata baƙar kaza ta iyalina da ta fara kwanci. Mummuna ce kamar mai ita, amma ba ta tashi. Sai dai ba ta karɓar baƙon ƙwai da rana."

"Na sani. Sai bayan magariba."

Kafin magariba Malam ya zauna a tsakar gidan Hamma ya nemi ruwan ɗumi a kwano domin ya gwada ƙwan da ke da rai. Bai taɓa yin wannan aiki ba, amma ya sha ganin ana yi daga inda yake zaune da littafi, ba tare da ya san idonsa yana ɗauka ba. Ya tsoma yatsa a ruwan. Nan take ya ji muryar Zinariya a gefen kunnensa, sarai kamar tana tsugune kusa da shi: kada ya fi jikin mutum zafi, Malam. Ya waiwaya. Babu kowa sai akuya a turke. Ya yi isti'aza, ya ƙara ruwan sanyi.

Ya sa ƙwai na farko. Ya taso saman ruwa, ya tsaya cik. Ya jira ruwan ya lafa. Can sai ƙwan ya yi rawa da kansa, ya karkata, ya dawo, kamar wani yana juyi a ɗaki rufaffe. Malam ya ce, "Subhanallahi," a hankali. Ya cire ya goge da zanen. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Takwas suka motsa. Shida suka tsaya a kan ruwa ba su motsa ba, ya daɗe yana jiransu fiye da yadda ya kamata.

Bayan sallar magariba suka zare ƙwan baƙar kaza, suka tura mata na zabi duka, har da shidan, domin Malam ya ce ba shi ne zai yanke musu hukunci ba. Ta sari hannunsa sau biyu, sa'an nan ta gyara zama, ta jawo su ƙarƙashinta da baki. Da ya koma gida aka kawo masa tuwo da naman kaza, ya mayar da kwanon a rufe.

Baƙi suka watse, Siddiƙa ta koma Katsina. Kullum bayan sallar asuba Malam yakan shiga gidan Hamma ya tsuguna a bakin akurki. Wata safiya ya ji wani ɗan kuka siriri yana fitowa daga ƙarƙashin kazar, alhali babu abin da ya fashe tukuna. Daga cikin ɓawo ake yin sa. Ya tuna waɗanda suke a rufe su ma a cikin kaburbura, suna jin takun masu tafiya a kansu, ba su da ikon buɗe wa kansu. Ya tashi bai gama lazimin da yake yi ba.

Biyar suka ƙyanƙyashe. Kazar ta ƙara zama kaɗan a kan sauran, sa'an nan ta tashi da 'ya'yanta ta bar su. Malam ya kwashe taran ya kai bayan gida zai binne. Ɗaya ya suɓuce ya fashe. Ba baragurbi ba ne irin mai wari. Ɗan zabo ne cikakke, da baki da farce da zanen gashi a kansa, a naɗe, kansa a ƙarƙashin fiffike. Sanyin wuni ɗaya ne ya tsayar da shi. Malam ya haƙa ramin ya yi zurfi fiye da buƙata.

Hamma ya bar masa kazar. Daga nan aka fara ganin Malam Abdulbaƙi da sassafe a bakin daji yana fasa suri yana kwaso gara a tsohon kwano, domin da ita ake renon 'yan zabi. Idan yana ba da karatu a zaure ya ji kazar ta yi ƙara, sai ya tsaya a tsakiyar jumla ya fita da sandarsa yana duban sama ko shirwa ce. Ɗalibai suka saba, sukan riƙe wurin da yatsa su jira.

Mafarki ɗaya ya riƙa zuwar masa a barcin rana. Yakan ga Zinariya a tsaye a gindin rumbu, ta ba shi baya, da ƙwarya a hannunta, kamar mai jiran a karɓe ta. Ba ta magana, ba ta waiwayowa. Ya san matattu ba su dawowa, ya san kuma mafarki yakan zo daga abin da zuciya ta ɗauka. Duk da haka yakan farka hannuwansa a miƙe.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Fulani suka sauko, rugage suka cika gonaki suna kiwon kara. Malam ya bi su ɗaya-ɗaya da ƙafa yana tambaya. Ba a ga su Shatu ba, wasu suka ce sun bi wata hanya bana. Zabin biyar suka girma, suka bar kazar da ta rene su, suka koma kwana a kan darbejiyar tsakar gida. Duk faɗuwar rana sukan haɗa baki su yi ta kuka a kan gidan da babu mai amsawa a ciki.

Siddiƙa ta kira shi a waya. "Baba, ka taho Katsina ka huta. Ka yi sadaka da zabin nan da sunan matar, ai kai ka karantar da mu haka."

"Ana yin haka idan an fid da tsammanin samun mai abu, Auta. Ni ban fid da ba."

"To idan ba ta dawo ba fa?"

"Sai in bar miki wasiyya."

Hamma kuwa, duk ran kasuwar shanu ta Mai'aduwa sai ya tambayi makiyaya. Yakan dawo ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Sarkin zabi, yau ma babu labari. Ka dai yi haƙuri ka aure su." Sai da zafin bazara ya kankama ya shigo wata rana bai yi ba'a ba. Ya ce ya sayar wa ɗan Shatu bijimi, sun sauka a wata fadama gabas da Zango.

Da yamma suka tsare zabin a akurki da dabara, da safe aka sa su a kwando aka ɗaure a bayan babur. Malam ya hau, ɗan acaba ya ja. Rana ta take kafin suka sami wurin: bukkoki kaɗan, 'yan maruƙa a ɗaure, wata tsohuwa tana wanke ƙore a inuwar gawo. Ta ɗago, ta kare ido da hannu, ta gane shi.

"Modibbo da kansa a ruga? Lallai yau za a yi ruwa." Ta hango kwandon, ta yi dariya. "Ƙawata ta gaji da jirana ta aiko ka. Ka ce mata ba laifina ba ne, yaran nan ne suka sauya hanya. Ina nan na tara mata man shanu, kullum ina cewa gobe. Ya ƙafarta? Tana nan tana faɗa da shirwa?"

Malam ya tsaya da sandarsa. Duk tsawon hanya yana shirya yadda zai yi zancen ƙwai, bai taɓa kawowa a ransa cewa ba ta ji ba.

"Shatu," ya ce, "sai haƙuri. Zinariya ta riga mu gidan gaskiya. Tun farkon damina, bayan tashinku kaɗan."

Ƙwaryar da ke hannunta ta zame cikin ruwan wanki. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ya zauna a kan wani kututture nesa da ita, ya bar ta. Zabin suna ta motsi a kwando.

Da ta buɗe fuska ya gaya mata komai a jere: maganar cikin mota, da jar kaza, da baƙar kazar Hamma, da taran da ya binne. Ya ce ga biyar ɗin da suka rayu, duk nata ne, sauran kuma ta faɗi abin da zai biya.

Shatu ta share ido, ta matso ta leƙa kwandon. "Sun yi ƙiba. Wa ya nemo musu gara?"

"Ni."

"Kai? Da rawanin?" Ta yi wata gajeriyar dariya da ta koma kuka. "Da ta gani da ta ba da labari har Daura." Sa'an nan ta ce, "Modibbo, rabi muka yi da ita. Ba zan sauya magana da wadda take cikin ƙasa ba. Biyu nawa, biyu nata. Na biyar a dafa wa yaran ruga, ladan ya je mata."

"Taran fa?"

"Ko tana da rai, muzuru yana cin nasa, sanyi yana cin nasa. Wata shekara uku kawai muka samu. Ban taɓa bin ta ba."

"Wannan ba muzuru ba ne. Zinariya ta ba ni amana, aka yi sakaci. Ina so ki furta da bakinki."

Ta dube shi. Ta gyara zama, ta fuskanci gabas kamar mai ba da shaida.

"Na yafe wa Zinariya, duniya da lahira, abin da na sani da abin da ban sani ba. Kai ma na yafe maka. Ni ma ku yafe mini, ban zo na yi mata sallama ba da za mu tashi."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ta yafe," domin ya san ta.

A hanyar komawa, da suka iso gefen ƙauye, ya ce wa ɗan acaba ya tsaya a maƙabarta. Ya shiga shi kaɗai. Ruwan damina ya bi ta kan kaburburan bara ya daidaita su da ƙasa, an kuma yi sababbi a gefensu. Ya zaga ta inda yake zato, ya dawo, bai iya cewa ga nata ba. Sai ya tsaya a tsakiya, ya yi musu sallama gaba ɗaya, ya ɗaga hannu ya daɗe yana roƙo, har ɗan acaban ya kashe injin ya zauna a inuwa.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, maza da mata. Ka yalwata musu makwancinsu, Ka sauke musu nauyin da suka tafi da shi, wanda aka sani da wanda aka manta. Ka ba su magada masu tunawa. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka tsare shi daga mutuwa da haƙƙin wani a wuyansa, Ka sa ya cika da imani. Amin.